Ruwan da Ya Zo Ba Sallama

Shekaranjiya da la'asar ina zaune bakin ƙofar ɗakina ina tsince shinkafa, sai na ji ɗana Isiyaku yana gaya wa ɗiyanshi wai wani Bafillace ne ya ja kakansu cikin daji ya hallaka shi saboda gishiri. Ban ce uffan ba, don ba a ƙaryata uba gaban ɗiyanshi. Amma shinkafar nan ban gama tsince ta ba. Ashe maganar nan ba ta mutu ba? Ashe har ta kai ga jikoki? To ku saurara, ku duka, da na gida da waɗanda ke Paraku da Kutonu. Wagga magana daga bakin Baba Umaru kunka same ta, wan babanku, Allah ya jiƙan shi, kuma shi ba ya wurin. Mu uku ne a wurin. Ɗaya yana kwance cikin ƙasa, ɗaya ban san inda duniya ta kai shi ba, saura ni, ni kuwa haƙorana sun fara sallama da ni. Gara in faɗa tun bakin yana iya faɗi.

Babanku Basarke ne ɗan Basarke, masunci na gado. Kakanninshi daga Kabi sunka biyo kifi har sunka yada zango nan Malanbil, tun ba a yi gada ba. A tudu mutum ne mai sanyi, in ka aike shi kasuwa sayen albasa sai a haɗa mishi ruɓaɓɓa ya dawo yana sa wa mai ita albarka. Amma ku sa shi cikin jirgi ku ga wani mutum daban. Ya san Kwara kamar yadda na san tukunyar miyata. Ya san jan ruwa na damina, ya san baƙin ruwa da ke isowa lokacin sanyi daga can yamma mai nisa. Yana da wata al'ada da ya gada wurin ubanshi: kullum da yamma sai ya karyo kara ya kafa daidai inda ruwa ya tsaya a gaɓa, da safe ya je ya duba. In ruwa ya ci yatsa guda, ya san akwai sauran lokaci. In ya ci biyu, sai ya aika wa masu shinkafar fadama su fara shiri. Har Dandawan gari, waɗanda munka tarar a nan, wurinshi suke zuwa tambaya, kuma ban taɓa jin karan nan ya ba shi kunya ba. In an yaba mishi sai ya gyara hula ya ce:

"Ruwa ba ya zuwa ba sallama. Mutane ne ba su tsayawa su amsa."

Jirgin kuwa na ubanshi ne, katakon maɗaci, baƙi wuluk don tsufa. Cikinshi anka ɗauko ni amarya daga ƙetare, cikinshi yake samo abin da muke ci. Ni nike banda kifin, in kai kasuwa. Da haka munka haife ku, ba mu yi arziki ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Sai ga shekarun nan na fari. Zamanin soja ne, nan soja, ƙetare soja, kowa a ce mishi kamarad, har tsohuwa mai sayar da daddawa kamarad ce. Damina ta zo ta yi mana gatsine ta wuce, ta bayanta ma haka. Kwara ta dinga janyewa har yashi ya fito tsakiyarta fari fat, yara suna buga ƙwallo inda a da ake jefa taru. Babanku bai daina kafa kara ba, sai dai kullum da safe ya tarar ruwan ya gudu ya bar karan a busasshiyar ƙasa. Murhun bandata ya yi sanyi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Jirgi yana kife bisa taɓo, rana tana tsaga shi, shi kuwa ya dinga ɗebo ruwa da tulu yana zuba mishi, mu ba mu da na wanka. Lokacin ne wani kafinta ya shigo gari yana sayen jiragen masunta a wulaƙance, yana farfasa su yana yin ƙofofi da bencina. Da yawa sun sayar, sun hau kamiyo, manyan motocin kaya, sun tafi Kutonu dako. Ya zo gidanmu har ya ƙwanƙwasa cikin jirgin da yatsa, ya ce katako mai kyau ne, ƙofa za ta fito a nan wadda ɓarawo zai sha wuya.

Bayan tafiyarshi babanku ya zauna bisa turmi. Can ya ce:

"In na sayar, ku samu hatsi, ni in bi su Kutonu."

Na ce, "Waɗanda sunka tafi bara, wa ka gani ya dawo?"

Ya ce, "To mi za ku ci? Katako?"

Shi ma ba son sayarwar yake ba, na gani a idonshi. Cewa yake a ranshi, ran da jirgin nan ya zama ƙofa, shi kuma ya daina zama kowa.

A nan Sambo ya shigo maganar, wanda kuke cewa ya kashe ubanku. Bafillace ne na wajen Gene, dogo, siriri, kullum da farin rawani ko da rigar ta yage. Matarshi Dije ita ke kawo mini nono, tun ina goyon fari muke tare, har ta kai in ta shigo gari a ɗakina take sallar azahar. Fari ya cinye mishi shanu, ya bar mishi 'yan ƙwarori da jakuna uku. Duk shekara yakan je Foga, can arewa da Gaya, inda mata ke dafa gishiri daga ƙasa, ya ɗauko wa dabbobinshi. Ya zo gaisuwa ya tarar da mu jugum, da ya ji dalili sai ya ce wa babanku:

"Kamarad Basarke, aje maganar kafinta. Jaki guda ya ishe ni bana, shanun da za su lashi gishirin ba su nan. Ka ɗauki biyu. Gishirin Foga ba ya kwana a kasuwar Malanbil, mutanen Borgu rububinshi suke. Abin da ka samu ya riƙe ku har ruwa ya sauka."

Babanku ya yi dariya, rabon da in ji dariyarshi har na manta. Ya ce shi da bai taɓa kora ko akuya ba, ina shi ina jaki? Amma ya yarda, kuma da ranshi ya yarda, ba wanda ya matsa mishi. Ni ce na ce sai an je da ni, don da mata za a yi ciniki, kuma mutumin da ake sayar wa ruɓaɓɓar albasa in ya je shi kaɗai, toka za a ɗaure mishi ya kawo mana. Munka bar ku wurin kakarku. Na tattara ɗan busasshen kifin da ya rage da garin rogo, abin da za mu musanya ke nan.

Ba mu bi gada ba. Can duwan suke, wato 'yan kwastan, da jandarma, kowane ƙunshi sai an kwance, kuma bakin kwalta babu inda jaki zai sha ruwa. Ƙasa da gari munka gangara, munka shiga Kwara da ƙafa. Ruwan iyakarshi gwiwa. Da munka kai tsakiya babanku ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ce mishi mu je, rana na yi. Ya ce:

"Yau ni ne na ƙetare Kwara da ƙafa, jaki yana gabana."

Ban yi mishi ba'a ba a nan. Na bari sai da munka hau tudu.

Bayan Gaya Sambo ya kauce hanya ya shigar da mu wani kwazazzabo. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Dutse ja ta dama, dutse ja ta hagu, tsayinsu ya fi giginya nesa, sama ta koma wata 'yar siririyar tsaga bisa kanmu. Ƙasa yashi ne mai laushi, tsakiya kuma ga wata 'yar ƙorama tana bin gindin dutse, faɗinta bai kai tabarma ba, wani wurin ma sai ta ɓace cikin yashi. In ta ɓace Sambo ya durƙusa ya tona da ƙwarya, mu jira kaɗan, ruwa ya tsattsafo garau mai sanyi. In mun sha, jakai sun sha, sai ya sa ƙaya ya rufe ramin don mai zuwa baya. Itatuwan ɓaure sun maƙale jikin dutse, saiwoyinsu a waje, birai suna zaune sama suna kallonmu suna zagi da yarensu. In ka yi tari, dutse ya mayar maka. Zafi kuwa ba a magana, bazara ce ta kai maƙura, iska ba ta shigowa, gumi har cikin ido. Kwana da kwanaki muna cikin wurin nan, kullum in na ce wancan lungun shi ne na ƙarshe, sai mu karya kwana mu tarar da wani.

Ƙafar masunci ba ta tudu ba ce. Tun ranar farko tafin babanku ya tsattsage, yana tafiya yana rangaji kamar agwagwa, ni da Sambo muna bayanshi muna ƙunshe dariya. Ɗaya cikin jakan da anka ba shi ya raina shi tun daga gida, in ya ce dama ya yi hagu. Har roƙonshi yake, yana ce mishi, "Haba malam, don Allah." Da yamma in shafa mishi man shanu a ƙafa, yana cewa wayyo, ina cewa sarkin ruwa guda da raki. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tun da anka kawo ni gidan nan ban taɓa samun babanku ni kaɗai ba sai a tafiyar nan. Gida akwai uwarshi, akwai ku, akwai kunya. A can kuwa Sambo yakan ja jakai ya yi gaba da gangan, ya bar mu a baya muna hira kamar saurayi da budurwa. A wani gurbi mai ɗan zurfi babanku ya hango motsi, ya tuɓe riga ya shiga, ya fito da 'yan tarwaɗa a cikin hula yana ihu kamar ya kama giwan ruwa. Munka gasa munka ci, Sambo ya matsa gefe yana toshe hanci, don shi ba ya cin kifi. Kwanakin nan su ne mafi daɗi a aurena, kuma a tsakiyar yunwa na same su.

Abu guda ne ke haɗa su gardama. Sambo ba ya yarda a yada zango bisa yashi. Komi gajiya sai mun nemi inda za mu hau, mu kwana bisa dutse mai zafi da tsakuwa, ga yashi mai laushi muna kallo a ƙasa. Babanku ya yi ta ƙorafi. Wata rana Sambo ya nuna mishi wani reshen ɓaure can sama, wanda ko mutum ya hau kafaɗar wani ba zai taɓa ba, busasshiyar ciyawa da karare sun naɗe a jiki.

"Ka ga wancan? Ruwa ya aje shi."

Babanku ya ɗaga kai ya duba, ya dubi 'yar ƙoramar da ko idon sawu ba ta rufewa, ya ce, "Wannan aikin tsuntsu ne, Sambo. Ka bar mini maganar ruwa, ni in bar maka ta shanu."

Sambo ya yi murmushi bai ƙara ba. Bafillace ba ya ja da babba, ko da shekara guda ya girme shi.

Munka isa Foga lafiya. Matan can da Dandanci munka yi ciniki, sun so su latsa ni, na nuna musu ni ma a kasuwa na girma. Munka samu gishiri mai kyau, ɗaure cikin kaba, jakai sunka ɗauka har suna nishi. Da munka juyo babanku ya zama wani yaro. Yana tafe yana shafa ƙunshin gishiri yana lissafin abin da zai yi: zai sayi kwalta ya liƙe tsagar jirgi, zai ɗinke taru, in kafintan nan ya dawo zai ba shi ruwa ya sha ya nuna mishi hanya.

Ranar da abin ya faru, tun da safe Sambo ya hau sama ya daɗe, ya sauko ya ce ya hango duhu can arewa maso gabas, nesa ƙwarai, mu ɗaga ƙafa mu fita daga matsatsin kafin yamma. Mu a ƙasa ba mu ga komi ba, tsagar saman nan shuɗiya ce tas. Munka yi ta sauri. Bayan azahar, a daidai inda duwatsun sunka fi matsewa, jakin babanku ya durƙushe ya ƙi tashi. Dole anka sauke mishi kaya, anka sauke na sauran su ma su huta kaɗan, anka jera gishirin bisa yashi cikin inuwa. Ni na je bakin ƙorama in wanke fuska. Sai na ga ruwan ya sauya, ya yi ja, da kumfa, ga kashin awaki da ƙaiƙayi suna wucewa a kai. Wata iska mai sanyi ta biyo kwazazzabon ta doke ni, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Wallahi daɗi na ji, shekara nawa rabona da ƙamshin nan. Na juya in yi musu albishir, sai na ga fuskar Sambo.

"Ku hau! Ku bar komi ku hau!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya zabga wa jakin nan sanda har ya miƙe, ya kora su ta wata 'yar hanyar awaki da ta hau jikin dutse. Babanku kuwa bai ruɗe ba ko kaɗan. Ya karyo kara, ya je ya kafa daidai bakin ruwa, kamar yadda yake yi a gida. Sannan ya ɗauki ƙunshin gishiri ya ɗora mini a ka, ya ɗauki wani, munka hau. Ya aje, ya sauka, ya duba karan, ya ɗauko wani. Sambo ya tare shi a hanya ya riƙe mishi riga.

"Don girman Allah, Yaya, ka bar shi. Wanga ba Kwara ba ne."

"Yatsa guda ya ci, Sambo. Guda tak. Kafin ya kai inda kayan suke mun yi la'asar. Gishiri ne fa, in ya jiƙe ya tafi."

"Ya tafi ɗin! Mu koma mu ɗauko wani."

"Da mi za mu musanya? Sake ni. Ruwa ba ya zuwa ba sallama, ai ga shi ya yi, na kuwa amsa."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da murmushi ya faɗa, ya zame rigarshi ya sauka. Ku fahimce ni da kyau, ba wauta ba ce, ba kuma kwaɗayi ba. Duk ruwan da ya sani a duniya da yatsa yake tashi. Kuma abin da ke jere bisa yashin nan, a idonshi ba gishiri ba ne, jirgin ubanshi ne.

Sai munka ji ƙara, kamar manyan kamiyo sun hau gada a jere. Birai sunka watse da kururuwa. Na yunƙura zan sauka in taya shi mu gama da sauri, Sambo ya cafke mini wuyan hannu. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa duban tsakiyar idona ba don kunya, ranar ya riƙe ni riƙon da sai da hannun ya yi shati. Na zage shi, na cije shi har na ji gishirin jini a bakina, bai sake ni ba, yana ta ƙwala wa babanku kira. Ina kallon babanku a ƙasa, ƙunshi a kanshi. Ya juya ya dubi inda ƙarar take fitowa. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi karanshi. Wannan shi ne ganina na ƙarshe da shi a tsaye: yana duban kara. Ruwan ya karyo kwana gaba ɗaya, ja, tsayinshi ya fi ɗaki, da itatuwa da duwatsu a cikinshi. Da ruwa ne zalla, na rantse da ya fita, babu mai iyo kamarshi. Amma ba a iyo cikin gungume.

Kafin magariba ruwan ya wuce. Rana tana nan tana haskawa, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Washegari munka same shi can inda kwazazzabon ya buɗe, saiwar wata giginya ta riƙe shi. Sambo ne ya ciro shi, ya je ya nemo wasu makiyaya a kusa, shi ya yi mishi wanka. Babu likkafani a dajin nan. Sai na ga ya kai hannu ya warware rawaninshi, ya wanke a ƙorama, ya shanya bisa dutse, da ya bushe sunka naɗe babanku a ciki. Sunka yi mishi salla, sunka binne shi a tudu, sunka jera duwatsu da ƙaya don kura. Daga nan har Malanbil da kai a buɗe Sambo ya rako ni, cikin ranar bazara, yana gaba ina baya, hannunshi ɗaure da tsumma inda na cije shi. Bai ce mini komi ba sai "Sannu, Inna," in na yi tuntuɓe.

Da munka iso, Baba Umaru ya saurari labari har ƙarshe, ya tashi tsaye ya ce:

"Ƙarya ce. Basarke ba ya mutuwa a ruwan da jaki ke tsallakewa. A shekarar da Kwara ta ƙafe za a ce mini ruwa ya ci ƙanena a tudu?"

Ban ga laifinshi ba gaba ɗaya. Ɗan'uwanshi ne, kuma a wurinsu abin kunya ne, ya fi mishi sauƙi a ce hannun mutum ne. Ya kai ƙara, jandarma sunka tsare Sambo. Ina cikin takaba, sunka zo har gida, na ba da shaida ta bayan zana, na faɗi duk abin da na faɗa muku yanzu, na nuna musu shatin hannuna. Sunka sake shi. Amma hukuma ta saki mutum, bakin gari bai sake shi ba. Na faɗa wa mata a gidan suna, na faɗa a bakin rijiya, sai a ce baƙin ciki ya taɓa ni. Ku kuma kuna ƙanana, kuna wuni a zauren Baba Umaru. Gishirin da ya tsira Sambo ya sauke shi duka a ƙofar gidan nan, har da nashi, bai ɗauki ko ƙunshi guda ba, da shi na ciyar da ku. Dije ba ta ƙara kawo nono ba. Da na fita takaba na sayi farin rawani a kasuwa, na hau mota na je Gene. Na tarar da rugar kango, anka ce sun yi kudu, wasu su ce Borgu, wasu su ce sun wuce. Ban ce mishi na gode ba. Maganata ta ƙarshe da shi mai tsawo zagi ce. Rawanin yana nan ƙasan akwatina, in Allah ya haɗa ɗayanku da jinin Sambo na Gene, ku ba shi, ku durƙusa ku gaishe shi.

Abin da ya fi ci mini rai ban faɗa ba tukuna. Hadarin nan da ya kashe babanku shi ne farkon damina, kuma daminar ta yi kyau. Ban fita takaba ba sai da jan ruwa ya iso. Wata safiya ina leƙe ta saman darni, na ga Kwara ta cika ta kawo har gindin jirgin, 'yan'uwan babanku sun birkice shi, ya tashi bisa ruwa yana jan igiya, kamar yana neman mai shi. Kifi ya dawo shekarar har ana zubarwa. Da mun san saura kaɗan, da mun ci rama da tafasa mun jira, ba gishiri, ba kafinta, ba Kutonu. Amma wa ya sani? Karan babanku ma bai sani ba. Na tsaya a wurin na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

Ban sayar da jirgin ba. An taya, na ƙi, Baba Umaru ya nema, na hana. Cewa nike ɗayanku zai girma ya shiga. Sai kunka girma, wanga ya yi lakwal, makarantar boko, wancan ya hau babur yana kabu-kabu, ba wanda ya iya riƙe filafili, kuma ban ga laifinku ba. Jirgin ya yi shekaru ƙarƙashin ɗorawa yana ruɓewa, gara ta ci gindin. Da na ga zai ƙare a banza, ni da kaina na aika a kira kafinta, ya zaɓi katakon da ya rage da rai.

Ƙofar ɗakina ce, wadda nike jingine da ita shekaranjiya ina jin Isiyaku. Kullum kuna tura ta kuna ƙorafin nauyi. In kun zo gaishe ni gobe, ku tura ta a hankali.